Sifikar situdiyo a kan teburin gida: Abin da ya kamata mai saye a Suleja ya sani kafin ya biya kuɗi

A 'yan shekarun nan, wata irin lasifika da a da ba a ganinta sai a ɗakunan naɗar waƙa da gidajen rediyo ta fara shiga gidajen jama'a. Ma'aikata da ɗalibai da masu sana'ar kwamfuta suna sayenta guda biyu, su ajiye ɗaya a dama ɗaya a hagu a kan tebur, domin sauraron waƙa ko karatu ko labarai yayin da suke aiki. Masu sana'ar sauti suna kiranta monita, sunan da bai kamata a haɗa shi da allon kwamfuta ba.

Batun ya shafi Suleja kai tsaye. Garin yana ɗauke da ɗimbin ma'aikatan da ke zuwa aiki Abuja kullum, kuma a unguwannin cikin gari irin su Magajiya gidaje suna kusa da juna, ɗakuna ba su da faɗi sosai, wutar lantarki kuma tana zuwa tana tafiya. Waɗannan abubuwa uku suna da tasiri a kan sautin da mutum zai ji fiye da sunan kamfanin da ke jikin sifikar.

Akwai kuma batun kuɗi. Daga ƙasashen waje ake shigo da waɗannan kaya. Kafin watan Yunin 2023 ana canza dala ɗaya a kan kimanin naira 460 a farashin gwamnati, amma a farkon 2024 ta haura naira 1,500. Kuskuren saye a irin wannan yanayi asara ce da ba a saurin mayar da ita.

Mene ne bambancin monita da sifikar gida?

Sifikar falo da ake haɗawa da talabijin, da wadda ake ɗauka zuwa wurin biki, an ƙera su ne domin su burge kunne. Galibi ana ƙara musu ƙarfin sauti mai kauri, wato bugun da ake ji har a ƙirji, a kuma ƙara kaifin sirarin sautuka domin waƙa ta yi armashi. Ita kuwa monita kayan aiki ce. An yi ta domin ta fitar da abin da aka naɗa yadda yake, ba ragi ba ƙari, ta yadda mai haɗa waƙa zai ji kuskure ya gyara kafin waƙar ta fita kasuwa.

Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin sauti daga kaɗawar iska 20 zuwa 20,000 a cikin sakan guda. Ma'aunin wannan kaɗawa shi ake kira Hertz, sunan wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Jamus. Sauti mai kauri yana ƙasa, siriri yana sama, muryar mutum kuma tana tsakiya. Burin mai ƙera monita shi ne kada wani sashe ya danne wani.

Ƙananan monitocin da ake zama kusa da su suna da tarihi. A tsakiyar shekarun 1970, injiniyoyin BBC a Ingila sun ƙera wata ƙaramar sifika mai lamba LS3/5A domin motocin ɗaukar shirye-shirye a waje, inda babu wurin ajiye manyan akwatuna. A 1978 kamfanin Yamaha na Japan ya fitar da NS-10M a matsayin sifikar gida. Ba ta yi farin jini a falo ba, amma masu haɗa waƙa suka rungume ta saboda ba ta ɓoye aibi, ta zama ruwan dare a situdiyoyin duniya har aka daina ƙera ta a 2001. A shekarar 1978 ɗin kuma aka kafa kamfanin Genelec a garin Iisalmi na ƙasar Finland, wanda ya yi fice wajen sanya amfilifaya a cikin akwatin sifikar kanta. Mafi yawan monitocin da ke kasuwa yau haka suke: kowace tana ɗauke da amfilifayarta, kowace kuma tana buƙatar soket ɗin wuta.

Abin da mai sauraron waƙar Hausa zai samu

Waƙar Hausa ta dogara ne a kan kalma. Mai sauraron Mamman Shata ko Musa Ɗanƙwairo yana bibiyar abin da mawaƙi ya faɗa da yadda 'yan amshi suka karɓa. Hausa harshe ne mai karin sauti, inda hawa da saukar murya ke bambanta ma'ana, kuma kalangu yana kwaikwayon wannan hawa da sauka idan makaɗi ya matse tsarkiyarsa ko ya sassauta. Kuntigin Ɗan Maraya Jos, da goge, da kukuma, da algaita, duka sautinsu yana zaune ne a tsakiya da sama. Haruffan da ke sa a fahimci magana kuma suna fitowa ne tsakanin Hertz 1,000 zuwa 4,000.

A nan monita take nuna fifikonta. Sifikar da aka cika wa bugu takan lulluɓe murya, har mutum ya riƙa ƙara sauti domin ya ji kalmomi. Monita mai kyau tana fitar da murya sarai ko da an rage sautin. Wannan yana amfanar mai sauraron karatun Alƙur'ani ko tafsiri, da mai bibiyar shirye-shiryen rediyo, da mai aikin fassara ko rubuta hira daga abin da aka naɗa.

Sai dai gaskiyar monita tana da ɗaci. Yawancin waƙoƙin da ke yawo a wayoyi an samo su ne daga masu tura waƙa a kasuwa, ko ta WhatsApp da Xender, kuma da yawa an matse su zuwa kilobit 64 ko 128 a sakan domin kada su cinye wuri. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a sakan, MP3 mafi inganci kuma 320. Abin da aka zubar wajen matsewa ba ya dawowa. Ƙaramar sifikar waya takan ɓoye wannan giɓi, monita kuwa tana bayyana shi. Haka tsofaffin waƙoƙin da aka juyo daga kaset: za a ji muryar da kyau, za a kuma ji sautin kaset ɗin da ke bayanta. Wanda ya sayi monita zai buƙaci neman waƙa mai inganci, ko dai daga manhajoji irin su Boomplay da Audiomack da Spotify, wanda ya fara aiki a Najeriya a 2021, ko daga asalin faifai.

Mai son waƙoƙin zamani na Kannywood da na rawa, waɗanda ake haɗawa da fiyano da kwamfuta, zai iya jin kamar bugu ya ragu a kwanakin farko. Kunne ne ya saba da ƙari. Wasu suna sabawa da sabon sautin, wasu kuma ba sa sabawa, kuma gara mutum ya gano ɓangaren da yake ciki tun yana shago.

Girman sifika da girman ɗaki

Ana auna girman monita da faɗin babban bakinta, wanda masu gyara ke kira wufa. Akwai mai inci 3.5, da 5, da 7, da 8. Babban baki yana iya sauka zuwa sauti mafi kauri. PreSonus Eris 3.5, alal misali, tana tsayawa ne a wajen Hertz 80, yayin da Yamaha HS5 mai inci 5 take sauka zuwa wajen 54. Wannan ne yake sa mutane su zaci babba ta fi. Ɗaki ne yake warware wannan zato.

Sauti yana tafiya kimanin mita 343 a sakan, yana bugun bango yana dawowa. A ɗakin da magina ke kira sha biyu-sha biyu, wato ƙafa 12 kowane gefe ko kimanin mita 3.7, sautin da ke wajen Hertz 47, da ninkinsa 94, yakan yi ta kai da komowa tsakanin bango biyu, ya taru a wani wuri ya ɓace a wani. Tunda tsawon ɗakin da faɗinsa ɗaya ne, matsalar tana ninkuwa. Idan aka haɗa da bangon bulo da siminti, da tayil a ƙasa, da gilashin taga, babu abin da ke tsotse sautin. Monita mai inci 8 a irin wannan ɗaki takan haifar da gurnani maimakon bugu, kuma sauti mai kauri shi ne ya fi ratsa bango zuwa ɗakin maƙwabci.

Saboda haka ga teburin da mutum ke zaune tazarar mita ɗaya ko ƙasa da haka daga sifika, mai inci 3.5 zuwa 5 ta wadatar. Kafet ko darduma a ƙasa, labule mai kauri, katifa, da kantar littattafai suna rage amsa-kuwwa sosai, kuma yawancin gidaje suna da su.

Ya kamata a duba inda ramin numfashin sifikar yake. Yamaha HS5 da JBL 305P suna da shi a baya, KRK Rokit kuma a gaba. Kowace sifika da aka matsa jikin bango tana samun ƙarin bugu da zai iya kaiwa desibel 6, a kusurwar ɗaki kuma ya fi haka. Mai rami a baya tana buƙatar a bar mata tazara. Kamfanoni da dama sun sanya maɓallin rage bugu a bayan akwatin domin wanda teburinsa yake jingine da bango, kuma wannan maɓalli ya fi yawan wat amfani a ƙaramin ɗaki.

Yadda ake ajiye su

Tsarin sauti mai ɓangare biyu, dama da hagu, ya samo asali daga aikin injiniyan Ingila Alan Blumlein, wanda ya yi rajistar fasahar a 1931. Ƙa'idar ajiyewa ba ta canza ba. Tazarar da ke tsakanin sifikun biyu ta zama daidai da tazarar kowace zuwa kan mai sauraro, kamar duwatsun murhu uku da aka jera daidai. A karkato kowace kaɗan ta fuskanci mai zama. Ƙaramin bakin da ke sama, mai fitar da siririn sauti, ya kasance daidai da tsayin kunne, domin irin wannan sauti yana tafiya ne kai tsaye.

Idan aka ɗora sifika a kan katakon tebur haka nan, teburin yakan yi rawa tare da ita ya gurɓata sautin. Soso mai tauri ko 'yan littattafai a ƙarƙashinta suna rage wannan, suna kuma ɗaga ta zuwa kunne. Idan an ajiye su daidai, muryar mawaƙi za ta fito kamar daga tsakiyar tebur, inda babu sifika ko ɗaya. Wannan ita ce alamar da ake gane aiki ya yi.

Lambobin da ke ruɗar mai saye

A kasuwa ana tallar sifika da yawan wat. A jikin kwalayen sifiku masu araha akan ga dubban wat tare da haruffan PMPO. Wannan lamba ba ta da wata ƙa'ida da aka yi ittifaƙi a kanta, kuma ba ta nuna ƙarfin da sifika za ta iya riƙewa tana aiki. Lambar da ake dogara da ita ita ce mai haruffan RMS. Ko ita ma ba ta da nauyin da ake ba ta: ninka wat sau biyu yana ƙara desibel 3 kacal, kuma sai an ninka shi sau goma kafin kunne ya ji kamar sauti ya ninku. Wat 25 a kowane gefe ya isa ya cika kunnen wanda ke zaune a tebur.

Abu na biyu shi ne farashi. Monitoci irin su HS5 da 305P da Rokit ana sayar da su ɗaya-ɗaya ne, don haka farashin da aka gani a intanet sau da yawa na guda ne. Ƙananan irin su Eris 3.5 da Mackie CR suna zuwa biyu a kwali ɗaya. Tilas mai saye ya tambaya tun farko.

Abu na uku shi ne haɗawa. Ƙananan da aka yi domin tebur suna da maɓallin sauti a gaba, da ramin hedifon, da ramin da ake haɗa waya ko kwamfuta kai tsaye, wasu ma suna da Bluetooth. Manyan na aiki kuwa suna karɓar kebul na XLR ko TRS, kuma maɓallin kowace yana bayanta. Domin sarrafa su daga gaba, akan buƙaci ƙaramin akwatin haɗa sauti da ake jonawa a kwamfuta ta USB, irin su Focusrite Scarlett ko Behringer UMC. Wannan akwati da kebul ɗinsa ƙarin kuɗi ne da ya kamata a sa cikin lissafi. Amfaninsa shi ne waɗannan kebul an tsara su ta yadda suke kashe ƙarar da wayoyin wuta ke jefawa cikin sauti.

Wutar lantarki

Wannan shi ne ɓangaren da tallace-tallacen ƙasashen waje ba sa magana a kai. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuma 120. Wasu monitoci suna karɓar kowace daga 100 zuwa 240, wasu kuma an ƙera su domin ƙasa guda. Sifikar tokumbo da aka yi domin Amurka za ta iya ƙonewa nan take idan aka jona ta a soket ba tare da taransifoma ba. Rubutun da ke kusa da ramin wuta a bayan akwatin yana faɗin abin da take karɓa, kuma karanta shi bai wuce minti ɗaya ba.

Suleja tana cikin yankin da aka damƙa wa kamfanin AEDC lokacin da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013. Kamar sauran sassan ƙasar, mazauna garin suna haɗa wutar kamfani da janareta da sola. Kowane sauyi daga wannan zuwa wancan yana iya zuwa da tsallen wuta, kuma tunda amfilifayar monita tana cikinta, idan ta lalace sifikar duka ta tsaya. Sitabilaiza, ko aƙalla soket mai kariya daga tsallen wuta, wani ɓangare ne na kuɗin saye. Cire filogi idan an ɗauke wuta, da lokacin tsawa a damina, ɗabi'a ce mai ceton dukiya.

Masu amfani da inbata su lura da irinta. Inbata mai araha da ba ta fitar da wuta mai santsi irin ta kamfani takan sa sifika ta riƙa zuga, ta kuma yi zafi. Ga mai dogara da batir, amfilifaya ajin D, irin wadda ke cikin JBL 305P, ta fi ajin AB tattalin wuta da rashin zafi. Zafin watannin Maris da Afrilu yana buƙatar a bar wa bayan akwatin iska, ƙurar hunturu kuma tana buƙatar a rufe shi da kyalle idan ba a amfani da shi. Wajen kunnawa, kwamfuta ake farawa da ita, sifika ta zo ƙarshe. Wajen kashewa kuma sifika ce farko.

A wurin saye

Mazaunin Suleja yana iya dubawa a Kasuwar IBB da ke garin, ko a shagunan kayan lantarki na Abuja irin na Banex Plaza a Wuse 2, ko ya yi oda daga Kasuwar Alaba ta Legas. Ko ina ne, sunayen da suka yi fice su ne ake kwaikwaya, kuma launin baki fari ko rawaya ba ya tabbatar da asali. Lambar siriyal da ke jikin sifika ta dace da ta jikin kwali, a karɓi rasit mai ɗauke da wannan lamba, a kuma tambayi garanti a rubuce. Hukumar SON ce ke sa ido kan ingancin kayan da ake shigo da su, hukumar FCCPC kuma tana karɓar koken masu saye, amma babu wadda za ta iya taimakon wanda ba shi da rasit.

Gwaji mafi amfani shi ne mutum ya je da waƙa biyu ko uku da ya sani ciki da waje, da kuma muryar mai magana zalla. Ya saurara a sauti madaidaici, domin ƙarfin sauti yana sa kowace sifika ta yi kamar mai kyau. Ya tsayar da waƙar ya kai kunne kusa: wasu monitoci suna fitar da 'yar ƙara ko babu abin da ke kunne, abin da ba a ji a hayaniyar kasuwa amma yake damun mutum da dare. Idan ta hannu ce, a gwada kowace ita kaɗai, a duba ko ƙaramin bakin ya loɓa, ko robar gefen babban ta tsage.

Kunne da maƙwabta

A 1933 masu bincike biyu a Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, sun nuna cewa kunne ba ya jin sauti mai kauri sosai idan an rage ƙara. Wannan ne dalilin da hannu ke yawan komawa kan maɓalli. Haɗarin a nan shi ne monita ba ta saurin gurɓata sauti idan an ƙara ta, don haka babu abin da ke gargaɗin mai sauraro.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da matasa biliyan ɗaya masu shekara 12 zuwa 35 suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron sauti. Ma'aunin da ta bayar ga baligi shi ne desibel 80 na tsawon sa'o'i 40 a mako. Idan sauti ya kai desibel 90, lokacin ya ragu zuwa sa'o'i 4. Hira ta yau da kullum tana wajen desibel 60. Wanda yake zaune a tebur yini guda yana iya cinye sa'o'i 40 a mako ɗaya na aiki. Idan sai ya ɗaga murya kafin wanda ke gefensa ya ji shi, sautin ya yi yawa. Ƙwayoyin ji da ke cikin kunne ba sa sake tsirowa idan sun mutu.

Najeriya tana da dokokin taƙaita hayaniya da aka fitar a 2009 ƙarƙashin hukumar NESREA, amma a gidan haya mai ɗakuna jere, haƙƙin maƙwabtaka ya riga doka isowa. Zaman kusa da sifika yana taimakawa: a fili, sauti yana raguwa da kimanin desibel 6 duk lokacin da tazara ta ninku, don haka wanda ke zaune mita ɗaya daga monita ba ya buƙatar ƙarar da za ta kai tsakar gida.

Wa ya kamata ya saya?

Monita ta dace da wanda yake zama wuri ɗaya yana sauraro na tsawon lokaci, yake son jin kalma da kayan kiɗa filla-filla, ko yake taɓa aikin tace bidiyo da sauti. Wanda yake son sauti ya cika falo ko tsakar gida, ko yake yawo cikin gida yana aiki, sifikar gida ko ta Bluetooth mai batir za ta fi yi masa amfani, kuma ba ta tsayawa idan an ɗauke wuta. Wanda ɗakinsa yake manne da na wani kuma da dare yake sauraro, hedifon mai kyau zai ba shi irin wannan tsabtar sauti da kuɗi kaɗan.

Ga wanda ya yanke shawarar saye, lissafin ya ƙunshi sifika biyu, da kebul, da kariyar wuta, da abin ɗorawa. Idan kuɗin bai kai duka ba, ya fi alheri a rage girman sifikar a kan a bar ta babu sitabilaiza.